Kayyen mai gari: yadda za ka rubuta mutanen ƙauyenku

A garinmu, nan ƙasar Gobir cikin yankin Gidan Runji a Nijar, mun daɗe muna da lissafi biyu. Idan ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, ya zo da maganar lanho, wato haraji, sai garin ya ƙanƙance. Samari duk sun tafi Nijeriya, tsofaffi sun ƙaru, wasu ma an ce sun rasu alhali ga su can gindin bedi suna buga dara. Idan kuwa mota ce ta tsaya da maganar sange (gidan sauro) ko hatsi mai rahusa, sai garin ya kumbura kamar fanke cikin mai, har jaririn da ke ciki a raɗa masa suna. Ni ɗan ƙanin mai gari ne, kuma saboda na yi lakwal har kolej aka ɗora mini alƙalami. Na rubuta lissafin nan biyu da hannuna shekaru da dama kafin in gaji in buɗe kayye, wato littafin rubutu, guda na gaskiya. Yadda na yi shi zan faɗa, don duk wanda aka ɗora wa irin wannan aiki a garinsu ya rage wahala.

Ka fara da sanin abin da kake yi, don da shi za ka amsa tambayar mutane. Wannan ba ƙidayar gwamnati ba ce. Ita ƙidayar ƙasa an yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, jihar Maradi kaɗai miliyan 3 da dubu 400. Tsakanin wata ƙidaya da wata shekara 11 ne zuwa 13. A ƙauye irin namu, cikin wannan tsawon lokaci yarinyar da aka rubuta da goyo ta kusa zama budurwa, gandu ɗaya ya rabu uku. Meri ma tana da nata rajista na masu biyan lanho, amma sai ta samu hali take sabunta shi. Naka kayyen shi ne wanda ke tafiya tare da garin kullum.

Kada ka taka ƙofar kowa sai mai gari ya yarda, kuma yardar a bainar jama'a. Ni Baba, wato mai garin namu, na sa ya tara dattawa da liman bayan sallar isha'i, washegari sankira ya zaga da shela. Ka roƙi liman ya ƙara faɗa a masallaci. Akwai masu ganin ƙirga ƴaƴa yana jawo baki, kuma maganar liman ce kaɗai ke kwantar musu da hankali, ba taka ba.

Lokacin aikin shi ne kaka, bayan dammunan hatsi sun shiga rumbu, kafin samari su ɗaure jaka. Da damina kowa yana gona, da rani kuwa rabin mazan gari suna Kano ko Legas ko Agadas. Ka kauce wa ranakun kasuwa. Mu nan Litinin da Juma'a Maradi ke janye mutane. Maza ana samun su tsakanin la'asar da magariba, mata kuwa da hantsi bayan an sauke daka.

Kayan aiki ba su da yawa: kayye babba mai bango mai tauri, bik shuɗi, fensir, abin ja layi, da leda mai kauri. Abin da ba ya canzawa, kamar suna da shekarar haihuwa, da bik. Abin da ke canzawa, kamar inda mutum yake yanzu, da fensir. Kowane gida shafi guda, ko da mutum uku ne cikinsa, don gida ƙaruwa yake yi. Ka fara daga ƙofar mai gari ka bi hannun dama, zaure bayan zaure, kana ba kowane lamba. Idan ka yi tsalle don wani abokinka ya kira ka shan shayi, za ka manta gidan tsohuwar da ke lungu, kuma ita ce ta fi kowa bukatar a rubuta ta.

To, mene ne gida? A nan aikin yake, kuma a nan na fi shan gardama. Zaure ɗaya yana iya ɗauke da magidanta huɗu. Idan ka ce "gida nawa ne nan?" za a ce maka ɗaya. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce: wa ke buɗe rumbu ya ba da hatsin daka? Idan uba da ƴaƴansa suna noma gandu tare, tukunya ɗaya ake ɗorawa, to gida ɗaya ne, ko da kowane ɗa yana da gamanarsa da yake nomawa don aljihunsa. Idan ɗa ya ware, rumbunsa daban, tukunyarsa daban, ya zama mai gida ko da katanga ba ta raba su ba. Matar da mijinta ya rasu tana ciyar da marayunta, ita ce mai gida, ka rubuta sunanta a saman shafi, kada ka liƙa ta ƙarƙashin ƙanin mijin da ko tiya ɗaya bai taɓa kawo mata ba.

Wannan rabon ba wasa ba ne, don a tsarin sarautar Nijar magidanta ne ke zaɓen mai gari idan kujera ta faɗi, masu gari kuma su ke zaɓen sarkin kanto da ke sama da su. Ranar da aka zo zaɓe, jerin magidanta za a ɗauko. Wanda ya ɓoye ƙarƙashin sunan ubansa shekara ashirin don gudun lanho, ranar nan zai tsaya bayan igiya yana kallo. Na ga haka a wani gari maƙwabcinmu, ƙato da gemu yana rantsuwa cewa yana da mata biyu da ƴaƴa tara, ma'aikaci yana nuna masa takarda yana cewa shi yaro ya gani a rubuce.

Sai sunaye. Ranar farko na shiga wani gida na tarar da uwargida tana tankaɗe, na gaishe ta na ce, "Inna, mi ne ne sunan mai gidan?" Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido? Malam mana." Na ce to ɗanki na fari fa? Ta juya mini baya ta ci gaba da tankaɗenta. Laifina ne. Na san mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari, amma riƙe bik ya sa na ɗauka ni wani ne daban. Tun daga ranar ba na shiga cikin gida sai da ungozomar garinmu. Ita ta karɓi haihuwar rabin garin, ta san ɗan wa aka haifa daren da aka yi ruwan ƙanƙara, kuma tana shiga ɗakin da ni ba ni da ikon leƙawa. In babu ungozoma, ka tambayi kishiya ko wani yaro a tsakar gida, su ba su da wannan nauyi.

Ka rubuta sunan yanka, sannan laƙabi a gefe. Gari cike yake da Ladi da Tanko da Ɗanjuma da Dogo, wani ma sai ya yi tunani kafin ya tuna sunan da liman ya raɗa masa. Idan mutum yana da katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa, ka kwafi sunan harafi bayan harafi yadda yake a takardar, da rubutun Faransanci, ko da kai a ganinka an rubuta shi ba daidai ba. Mahamadou da Mahaman da Mamane a bakinmu mutum ɗaya ne, a ofis kuwa mutum uku ne. Na taɓa gyara wa wani yaro suna da kyakkyawar niyya a takardar da na cika masa, aka zo rajistar jarrabawar BEPC ta gama kolej suna bai dace da na takardar haihuwa ba. Sau uku ubansa yana hawa kabu-kabu zuwa gari kafin a daidaita, kuma kuɗin mai daga aljihuna ya fita, don kunya.

Shekaru kuwa, kada ka tambayi dattijo shekarunsa nawa. Zai ce maka ɗari, ko ya ce arba'in, gwargwadon abin da yake zaton za a raba. Ka yi wa kanka jerin manyan abubuwan da kowa ke tunawa a bangon kayye na ciki. Nawa ya fara da samun mulkin kai a 1960, sai hawan Seyni Kountché a 1974, yunwar El Buhari a 1984, rasuwar Kountché a 1987, karyewar darajar sefa a 1994, kisan Baré a 1999, yunwar 2005, husufin rana na watan Maris 2006, da saukar da Tandja a 2010. A tsakaninsu na cusa namu na gida: shekarar da aka gina rijiyar siminti, shekarar da gobara ta ci rumbunan gabas, shekarar da aka naɗa Baba. Sai ka ce, "Lokacin El Buhari kin yi aure?" Ta ce, "Ina goyon na biyu." Ka samu bakin zare. Wata dabara ita ce sa'o'i: wa aka yi muku kaciya tare, wa kuka yi tashe tare? Idan ɗaya daga cikinsu yana da takarda, sauran sun samu shekara. Ka sa alamar "wajen" gaban duk shekarar da aka ƙiyasta, kamar yadda tsofaffin takardu ke yi. Na yara ƙanana ya fi sauƙi, katin awo na likita yana ɗauke da ranar haihuwa, in uwar ba ta bar shi ɓera ya ci ba.

Waɗanda ba su nan fa? Ba a goge ɗan gari don ya tafi biɗa. Ka bar sunansa, ka rubuta da fensir inda yake da watan da ya tafi. Ni ƙa'idar wata shida nake bi: wanda ya wuce wata shida bai dawo ba ina sa masa alama, don in an tambaye ni masu kwana a gari in ba da lissafi ɗaya, in an tambaye ni ƴan gari duka in ba da wani, kuma duka biyun gaskiya ne. Almajiran da aka kai Katsina ko Zariya haka. Almajiran da wani malami ya kawo garinku kuwa, shafi daban ƙarƙashin sunan malaminsu, don bakinsu yana cikin tukunyar gari ko da iyayensu suna wani wuri. Ɗiyar da aka aurar wani gari a ja mata layi a rubuta inda aka kai ta. Bazawarar da ta dawo gidan ubanta a sake shigar da ita, amma da fensir, ka san dalili.

Akwai rugar Fulani arewa da mu. Su ba talakawan Baba ba ne, suna da ardonsu, kuma ta hannunsa suke biyan lanho, shi kuma yana ƙarƙashin sarkinsu na gurupma, wato rukunin makiyaya. Amma rijiya ɗaya muke sha, ƴaƴansu suna ajinmu, matansu ungozomarmu suke kira. Na je na gaida ardo da goro, na ce ba talakawansa nake son ƙwacewa ba, yawan masu shan ruwa nake so in sani. Ya yarda, na rubuta su a ƙarshen kayye, shafukansu daban. Kada ka yi wannan ba da izninsa ba, ƙaramin abu ne da ke iya kaiwa gaban prefe, wakilin gwamnati a yankin. Gidajen gona da suka yi tunga nesa da gari su ma ka taka ka je, yawanci su ake mantawa.

Yanzu maganar da kowa ke tsoro. Lanhon da muka saba biya sefa 700 ne kan kowane baligi, dala ɗari da arba'in ke nan. Ga mai mutum goma a wuyansa, a shekarar da hatsi bai yi ba, kuɗi ne, ban raina ba. Amma doka ta ɗauke wa wasu: yara, tsofaffi, naƙasassu, ƴan makaranta. Ka je meri ka nemi a nuna maka sharuɗɗan a rubuce, ka zo ka yi wa kowane suna alama, mai biya ko wanda aka ɗauke wa. Da yawa cikin waɗanda muke ɓoyewa ashe tun farko ba a bin su komai. Muna ɓoye tsoho ɗan shekara saba'in daga harajin da ba nasa ba, muna rage yawan garinmu a banza.

Abin da ya sa na bar lissafi biyu shi ne wata shekara da aka zo rabon abinci bayan damina ta yi gardama. Muna zaune mun shirya dogon jerinmu na kumbura, sai masu rabon suka fito da nasu jerin, wanda suka ɗauko daga rajistan meri. Aka shimfiɗa tabarma ƙofar Baba, ana kiran suna ana auna tiya gwargwadon mutanen da ke rubuce. Wani dattijo, abokin Baba tun suna yara, aka kira shi da mutum huɗu, shi kuwa goma sha uku ke ci a gidansa. Ya tsaya da buhu biyu da ya zo da su, ɗaya ko buɗe shi bai yi ba. Ya dubi Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗiyana fa? Kai ka san su, kai ka yi musu walicci." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Na san su. Takarda ce ba ta san su ba, kuma ni da kai munka hana ta sani." Ni ina gefe da bik a aljihu, ni na rubuta huɗun nan.

Ba abinci kaɗai ba. Ma'aikatan ruwa suna lissafin rijiyar zamani ko famfo ɗaya ga mutum 250. Aji nawa za a buɗe, allurar rigakafi nawa za a kawo, sange nawa, duk daga yawan mutane ake farawa. Garin da ya rage kansa a takarda ya rage rabonsa.

Da ka gama zagaye, kada ka rufe kayye ka ajiye. A tara magidanta ƙofar mai gari ka karanta kowane shafi da ƙarfi: gidan wane, mutum kaza, masu biya kaza. Maƙwabci ba ya barin maƙwabci ya yi ƙarya a gabansa, musamman in shi ya faɗi gaskiya. A zaman farko da muka yi, gyaran da aka yi mini da baki ya fi wanda na yi da ƙafa.

Daga nan aikin ya zama na kullum, kuma sirrinsa ɗaya ne: ka riƙa zuwa suna da kayyenka. Ranar bakwai da safe, liman ya raɗa suna, sankira ya faɗa, kai kuma ka rubuta nan take kafin a raba goro. Ka tuna ranar haihuwa ita ce mako guda baya, ba ranar sunan ba. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. In a likita aka haihu, can ake cika takardar. In a gida ne, ana cika ta a littafin bayyanawa da ke hannun mai gari ko wurin da aka keɓe, a kai meri, takardar haihuwa ta fito. Wanda ya bar kwanakin suka wuce sai ya bi ta hannun alƙali da shaidu, ko ya jira ranar da alƙalai ke fitowa ƙauyuka zaman yi wa jama'a takardu. Ni kowane ƙarshen wata nake haɗa na watan in kai, in karɓo waɗanda suka fito. Kuma ka matsa wa iyaye kan ƴaƴa mata, don su aka fi yi wa sakaci, sai ranar da ake neman takarda a rasa.

Mutuwa ta fi wuya. Ba a shiga gidan makoki da bik. Ka je gaisuwa hannu sake, ka riƙe ranar a ka, bayan sadakar bakwai ka koma ka rubuta. Layi ɗaya siriri kan sunan, yadda za a iya karanta shi, da kwanan wata a gefe. Ranar rabon gado ko rikicin gona za a nemi wannan layin. Jaririn da ya koma kafin suna shi ma ina rubuta shi, ba suna, sai na uwarsa.

Game da meri, tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 muke da magajin gari da kansiloli, a watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo. Shugabanni suna canzawa, amma ma'aikacin da ke rubuta takardun haihuwa da mai karɓar lanho galibi suna nan, su za ka sani. Ka kai musu kwafi, uwar kayye ba ta kwana a waje. Kowane kuɗin lanho da aka kai a karɓo rasit a liƙa. Cinikin gona, jingina da aro kuwa aikin kwamitin filaye ne na gari, wanda ake kira Kofob, da mai gari ke shugabanta. Ka buɗe musu kayye daban, kada ka cakuɗa gona da mutane.

Za a zo neman kayyen nan. Ɗan siyasa zai zo, mai cewa shi ɗan wata ƙungiya ne zai zo, wani da waya a hannu yana son ɗaukar hoton shafuka. Amsata ɗaya ce, a je a ga Baba, kuma a zo da takarda daga meri. Ko an yarda, jimilla nake bayarwa: gida kaza, maza kaza, mata kaza, yara ƙasa da shekara biyar kaza. Sunayen matan mutane da ƴaƴansu amana ce aka ba ni a tsakar gida.

Ajiya kuma, leda sannan akwatin ƙarfe, a ɗora kan duwatsu nesa da bango. Kayyena na farko gara ta cinye shi daga gida na 31 zuwa na 46 cikin damina guda, sai da na sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ana yi mini dariya. Yanzu duk bayan kaka ina ɗaukar hoton kowane shafi da waya in tura wa ƙanena da ke Maradi. Akwai kuma wata ɗiyar yayana da ke aji uku a kolej, rubutunta ya fi nawa kyau. Hutun bana ita ta cika shafukan unguwar yamma, ni ina zaune a zaure ina shan fura, ita tana ciki wurin matan.